Ganuwa da Kogi: Inda Kano da Kaduna Suka Ajiye Masallaci da Coci

Baƙon da ya sauka a Kano ya tambayi mai a-daidaita-sahu inda zai sami masallacin Juma'a, da wuya ma a ɗauke shi. Da hannu za a nuna masa, a ce ga shi can bayan shagunan nan. In kuwa coci ya tambaya, ko a wace tasha ya sauka amsar kusan ɗaya ce: sai Sabon Gari. Da baƙon nan zai bi ta Zariya ya isa Kaduna ya maimaita tambayoyinsa biyu, kafin a ba shi amsa sai an tambaye shi wane tsallake yake nufi, na nan ko na can. Tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakanin biranen biyu, da Hausa ake ciniki a kasuwanninsu, mutanensu suna auratayya, amma yadda kowanne ya zaunar da wuraren ibada a unguwanninsa ya sha bamban tun daga tushe. Kano ganuwa ce iyakarta, Kaduna kuwa kogi. Kowane tsari yana da masu yabonsa, kowanne kuma akwai abin da ya jawo wa mutanensa, don haka gara a jera su a duba kafin a ce wani ya fi wani.

A Kano masallaci ya girmi kusan duk abin da ke kewaye da shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Wangarawa sun iso a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, kuma har yau da su ake danganta masallacin Madabo da karatun da aka gada a can. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya karɓi baƙuncin Shehu Maghili, shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, shi kuma ake jingina wa kafa babban masallacin Juma'a na gari. Ginin da ke gefen fada yanzu, mai koriyar ƙubba, a farkon shekarun 1950 aka kammala shi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a gurbin na ƙasa da ya gabace shi. Unguwannin cikin birni ba a takarda aka zana su ba. Malami ne ko attajiri zai sauka a wuri, ya yi soro, ya yi masallaci a ƙofar gida, almajirai da barori da masu sana'a su kewaye shi, kafin a ankara wurin ya zama unguwa. Masallacin ne ya haifi unguwar, shi ya sa liman yakan gaji ubansa, ladan ma haka.

Kaduna ba ta da wannan zurfin, ba ta kuma taɓa yin da'awarsa ba. Gwamna Lugga ne ya zaɓi bakin kogi a ƙasar Gbagyi, inda layin dogo ya ratsa, aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Waɗanda suka fara cika garin sojoji ne, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da akawuna, da leburori, da 'yan kasuwar da suka biyo su. Kowa da addininsa ya zo, babu wanda ya tarar da wani a ƙofar gari yana jiran a nemi izininsa. Da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, wasu suka biyo bayanta, sai ma'aikata suka yi ta kwarara daga Kudancin Zariya, da Filato, da Binuwai, da Borno, da Sakkwato. Mai gida ɗaya yakan ba Musulmi da Kirista haya a tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A nan masallaci da coci tare suka tashi, kowanne da kwanon rufi da karo-karon ma'aikata a ƙarshen wata.

Wanda ya iya karanta masallatan Kano ya karanta tarihin malamanta. A Kabara gidan Ƙadiriyya yake, inda Shehu Nasiru Kabara ya zauna har rasuwarsa a 1996, kuma daga nan ne maukibi ke tashi kowace shekara, da tutoci da bandiri, gari ya cika ya batse. A Koki da Sanka da Zangon Barebari zawiyoyin Tijjaniyya ne, inda in la'asar ta yi sanyi ranar Juma'a za ka ga an kewaye farin ƙyalle ana zikiri har faɗuwar rana. A Goron Dutse akwai masallacin Halifa Isyaku Rabi'u. In aka fita wajen badala kuma sai a tarar da masallatan da suka tashi da sabon ƙarni na masu karatun Madina, irin na Gadon Ƙaya, da Alfurƙan a Nasarawa, da na Ɗorayi inda aka kashe Shaihu Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar asuba a watan Afrilun 2007. Abin da matasa ba su cika sani ba shi ne, har wajen 1970 duk faɗin Kano masallacin Juma'a ɗaya ne, bisa fahimtar Malikiyya cewa gari ɗaya Juma'a ɗaya. Mutumin Fagge da na Tudun Wada duk fada suke nufa da tabarmarsu a hammata, a ga sarki ya fito da dogarai, a yi sahu har kan titi. Sai da gari ya fi ƙarfin masallacinsa aka buɗe na Waje a Fagge, mai sunan Abdullahi Bayero. Yau kuwa mutum zai iya tsayawa a mararraba ɗaya ya jiyo huɗuba uku.

Abin lura a nan shi ne, gardamar Kano a kan masallaci galibi ta cikin gida ce. Ƙabalu ne ko sadalu, ɗariƙa ce ko Izala, wa zai ja salla, wa ke da ikon naɗa liman, wa ya ba da izinin sabuwar Juma'a. Tashin hankali mafi muni da birnin ya gani da sunan addini, na Maitatsine a watan Disamban 1980, wanda ya ci rayuka fiye da dubu huɗu, ba shi da alaƙa da coci ko kaɗan. Bakano yana iya tsufa cikin muhawarar addini safe da yamma, bai taɓa zama da Kirista sun yi ta ba ko sau ɗaya.

Masallatan Kaduna wani iri ne daban. Wanda ya fi suna, masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, a 1962 aka gina shi, zamanin Sardauna, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam, wadda ita ma a Kaduna take da hedikwata. Ba gidan gadon wani malami ba ne. Masallaci ne na ma'aikatan gwamnati da alƙalai da hafsoshi, kwamiti ke tafiyar da shi. A nan Shaihu Abubakar Gumi ya yi ta tafsirin azumi har ya rasu a 1992, rediyon Kaduna yana ɗauka yana kaiwa har ƙauyukan Nijar da Kamaru da zangon Kumasi. A wani gefen garin Shaihu Ɗahiru Bauchi yana nasa tafsirin, shi ma rediyon yana ɗauka, masu sauraro su kwana suna auna wannan da wancan. Masallacin Kano unguwarsa yake karantarwa, almajiri ya durƙusa gaban malami da littafi. Masallacin Kaduna da Arewa gaba ɗaya yake magana ta makirufo. Na farko ya fi zurfin saiwa, na biyu ya fi nisan murya. Akwai kuma wani bambanci: mai wa'azi a Kaduna ya san maƙwabcinsa Kirista yana jin sa, da Hausar da shi ma ya iya sarai, kuma ranar Lahadi shi ma zai ji nasa.

Labarin coci a Kano da kora ya fara. A 1900 Bishop Tugwell ya zo da ƙaramar tawagar 'yan mishan, cikinsu har da Dokta Miller wanda daga baya ya zauna a Zariya, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Bayan Turawa sun ci garin a 1903 sai suka ga riba a bin wannan sawun. Sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, suka hana mishan aiki a cikin birane masu ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya zo da akawuna da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu, da Saliyo, da Gwalkwas, sai aka yanka musu fili a wajen gari wajen 1913, aka ja layuka a miƙe, aka kira shi Sabon Gari. Can aka ce su yi gidajensu, da kasuwarsu, da majami'unsu. Adalci ne a faɗi cewa wannan rabon ba na addini zalla ba ne, kuma ba Kanawa ne suka zana shi ba. Yarabawa Musulmi da suka zo da jirgi su ma Sabon Gari aka tura su, shi ya sa masallatai irin na Ansaruddin suke can, alhali Yarabawan da suka riga Turawa zuwa suna zaune a Ayagi, cikin ganuwa, har jikokinsu sun zama Kanawa. Abin da Bature ya raba shi ne ɗan ƙasa da baƙo, sai addini ya bi layin da aka riga aka ja.

Har yanzu wanda ya zaga cikin ganuwa ba zai ga coci ba. Manyan majami'un gari, Our Lady of Fatima ta Katolika da Holy Trinity ta Angalika, duk a waje suke, ta ɓangaren Sabon Gari da kewayensa. Sauran suna warwatse a Bompai, da Badawa, da Birget, da barikokin soja da na 'yan sanda. Wurin da Kanawa suka fi shiga harabar mishan ba tare da ɗar-ɗar ba shi ne asibitin ido da ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa a 1943, wanda yanzu ke hannun ECWA. A layin ganin likita can za ka ga rawani da carbi sun fi komai yawa.

Safiyar Lahadi a Sabon Gari abin kallo ce. Shagunan kayan mota da na magani a kulle, titin da jiya ba ya biyuwa yau yara suna tsallaka shi da gudu cikin fararen safa. Mata sun sha ɗaurin kallabi mai tsayi, maza da Baibul a hammata. Saboda ƙarancin fili, bene ɗaya yakan ɗauki coci biyu ko uku: na ƙasa suna waƙa da Ibo, na tsakiya fasto yana zuba Turanci wani yana fassarawa, na sama an saki ganga da jita, kowanne da janaretonsa a baranda da allon sunansa rataye a jikin bango. Tsofaffin majami'u masu harabar kansu su ne na zamanin Turawa. Na bayan nan duk matsatsi ne, domin filin da aka yanka wa 'yan dubbai shekara ɗari da suka wuce shi ne har yau ake cusa jama'ar da ta ninka su sau da yawa. Ƙarfe ɗaya na rana an tashi, masu a-daidaita-sahu, waɗanda kusan dukkansu Musulmi ne, sun yi layi a bakin ƙofa suna kiran Badawa da Birget.

A Kaduna coci ba a gefe yake ba. Babbar majami'ar Katolika ta St Joseph da ta Angalika ta St Michael duk a tsakiyar gari suke, arewa da kogi, daf da manyan ofisoshi da babbar kasuwa, tafiyar ƙafa daga masallacin Kano Road. Tun 1959 Kaduna take da babban bishop na Katolika, Kano kuwa sai 1999 ta sami cikakkiyar dayosis tata, shekara arba'in tsakani. Cocin HEKAN, wadda sunanta ma da Hausa aka raɗa shi, a Kaduna take da hedikwata. Amma babban bambancin yana ga waɗanda ke zaune a kan bencin. Mafi yawan Kiristan Kano asalinsu daga Kudu ne, ko daga wasu jihohin Arewa, ko da yake akwai Hausawa Kirista 'yan asalin ƙauyukan jihar masu sujada da harshensu. Kiristan Kaduna kuwa da yawansu 'yan jiha ne, Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi da sauransu, ba su da wani gida da za a ce su koma. Da Hausa suke sujada, daga Littafi Mai Tsarki da aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932. Wanda ya wuce wata cocin ECWA a Narayi ko Sabon Tasha da yammacin ranar taron zumuntar mata zai ga iyaye mata cikin atamfa iri ɗaya mai ɗauke da sunan ekklesiyarsu, ɗaya tana buga tulu da tafin hannu, wata tana kaɗa caki, mai ba da waƙa tana bayarwa ana amsawa, salon da duk wanda ya tashi a karkarar Arewa zai gane ko daga nesa. Cocin Sabon Gari yana tuna wa mai shigarsa garin da ya baro. Cocin Kaduna a garinsa yake.

Shekara ɗaya ta isa ta nuna tazarar. A watan Fabrairun 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Kaduna, ya yi taron ibada a fili a tsakiyar gari, ya naɗa sababbin limaman coci, jama'a suka watse. A watan Oktoban wannan shekarar, a Kano, gardama a kan faɗaɗa wata cocin Angalika a Fagge, wadda ta riga masallacin da ke kusa da ita zuwa wurin, ta kai ga ƙona majami'u. Haka aka sake gani da mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. Ya tara jama'a a Kaduna a 1990, amma da aka shirya masa irin wannan taro a Kano a watan Oktoban 1991, rikici ya ɓarke tun bai hau mumbari ba, aka yi asarar rayuka da dukiya. Masu zanga-zangar a lokacin sun kafa hujja da cewa an hana Ahmed Deedat irin wannan damar. Ko mene ne hukuncin mutum a kan hujjar, abin da ya fito fili shi ne Kano tana haƙuri da coci matuƙar ya tsaya inda aka ajiye shi, Kaduna kuwa ta saba ganin sa a dandali.

Da a nan labarin ya tsaya, da hukunci ya yi sauƙi. Amma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma saɓanin Kaduna ya fi na Kano ciwo domin zaman ya fi kusa. Rikicin Kafanchan na 1987 ya taɓa ta, na Zangon Kataf na 1992 ya shigo har cikin unguwanninta. Sannan aka zo watan Fabrairun 2000, lokacin muhawarar shari'a, aka sake a watan Mayu, mutum fiye da dubu suka halaka. A watan Agustan 2002 malamai da fastoci 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya, wata uku kacal bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci mutum fiye da ɗari biyu. Aka ƙara da na bayan zaɓen 2011. A Kano in rikici ya tashi kowa ya san inda iyaka take, ya gudu ya shige bayanta. A Kaduna iyakar a tsakar gida take, wanda ya san ɗakin da kake kwana shi ne abin tsoro. Bayan kowane tashin hankali sai a ga motocin kaya a kan gada, Kirista suna barin Tudun Wada da Rigasa da Kawo suna yin kudu, Musulmi suna barin Television da Unguwar Romi da Sabon Tasha suna yin arewa. Wasu sun sayar da gidajensu da arha, wasu musaya suka yi, gida da gida. Majami'un da aka bari a can da masallatan da aka bari a nan, wasu an ƙone su, wasu sun zama kango, wasu an sayar. Har samari suka riƙa kiran tsallake ɗaya Makka, ɗayan Kudus.

Sai dai rabon bai cika ba, kuma wannan yana da muhimmanci a awon da muke yi. Manyan majami'un nan biyu ba su tashi daga arewacin kogi ba, kowace Lahadi dubban mutane suna hawa gada su zo sujada. Akwai Kirista a Malali da Kabala Costain, akwai Musulmi da masallatansu a Makera da Kakuri da Nasarawa, Barnawa kuwa har yanzu a cakuɗe take. Babbar kasuwa, mai sunan Shaihu Gumi, ta kowa ce daga safe zuwa magariba. A garin nan ne Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gaba da juna a 1992, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, ɗaya ya rasa hannunsa, suka haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sasanci da ake gayyata har ƙasashen waje. Kano ba ta fitar da irinsu ba. Mai son Kano zai ce ai ba ta buƙace su ba ne, mai son Kaduna ya ce ai ba ta da inda za su haɗu. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya.

Akwai inda biranen suka yi kunnen doki. Da Boko Haram ta taso ba ta tambayi ganuwa ko kogi ba. An kai hari kan masu sujada a Jami'ar Bayero a watan Afrilun 2012, an kai cocin St Rita da ke Kaduna a watan Oktoban wannan shekarar, sannan ranar 28 ga Nuwamban 2014 aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Kano ana shirin tayar da sallar Juma'a, mutum fiye da ɗari suka rasu. Tun daga lokacin ƙofar masallaci da ƙofar coci suka koma kama ɗaya: durom cike da siminti a bakin titi, igiya a gicciye, saurayi riƙe da na'urar bincike. Ranar Juma'a 'yan agaji ne da kakinsu, ranar Lahadi samarin coci ne da nasu, aikin ɗaya, har busar usur ɗin ɗaya. Batun lasifika ma babu na zaɓe. Mai jinya da mai jariri da ɗalibi mai jarrabawa suna shan wuya ɗaya, ko wa'azin dare ne ya hana su barci ko addu'ar kwana. Da gwamnatin Kaduna ta kawo ƙudirin ƙayyade wa'azi da amfani da lasifika a 2016, fastoci da wasu malamai sun tsinci kansu a sahu ɗaya wajen adawa da shi, abin da taron sasanci bai cika samarwa ba.

To, in aka zo awo, me kowane tsari ya saya, kuma nawa ya biya? Kano kamar gidan gado ce, an ba baƙo ɗaki a soro, ana gaisawa, ana ciniki, amma ba ya wuce ƙofar tsakar gida. Kaduna kamar gidan haya ce, kowa da ɗakinsa da haƙƙinsa daidai, aka yi faɗa, aka ja katanga a tsakiya. Tsarin Kano ya sayi tabbas. Taswirarsa ba ta canja ba cikin shekara ɗari, duk da rikice-rikicen 1953 da 1966 da 1991 da 2004, kuma kowa ya san matsayinsa. Abin da ya biya shi ne, Kiristan da aka haifa a Sabon Gari, aka haifi ubansa a can, yana jin Hausar Kano kamar kowa, har yanzu baƙo ake kiran sa. Shugabannin Kirista sun daɗe suna kukan cewa samun takardar fili don gina coci a wajen tsofaffin wurare abu ne mai wuyar gaske, shi ya sa ake sujada a bene da shago. Ya kuma biya da jahilcin juna: yaron Gwale ko Mandawari yana iya kai wa jami'a bai taɓa ganin cikin coci ba, sai abin da aka faɗa masa, yaron Sabon Gari ma abin da ya sani game da cikin birni bai wuce jita-jita ba.

Tsarin Kaduna ya sayi daidaito. Babu wanda zai ce wa coci ko masallaci baƙo ne a garin, kuma babu ofishin da ya taɓa rubuta cewa wannan tsallake na wane ne. Abin da ya biya jini ne, da gidajen da mutane suka gina da gumin masaƙa suka bari, da amincin da ya karye tsakanin waɗanda suka ci tuwon salla da shinkafar Kirsimeti a kwano ɗaya. Kuma ƙarnin da aka haifa bayan 2000 ya fara kama da na Kano: yaron Rigasa da yaron Gonin Gora ba su haɗa aji ba, ba su haɗa filin ƙwallo ba.

Ni dai, bayan na jera su, Kaduna nake ba rinjaye, da ƙyar, kuma ba don ta fi kwanciyar hankali ba. Rabuwar Kano an gina ta ne da gangan, ta daɗe har ta zama kamar halitta, ba a ma jin ta a matsayin matsala, abin da ba a ɗauke shi ciwo ba kuwa ba a nema masa magani. Rabuwar Kaduna kowa ya san ciwo ce. Akwai dattawa da ransu a tsallaken biyu da za su iya nuna gidan da suka zauna da sunan maƙwabcin da ya ɓoye su, kuma gine-ginen ibadar da suka rage a inda ba a zata ba suna hana a manta. Wanda ya fifita Kano don ya fi son tabbas a kan daidaito bai yi wauta ba, musamman in ya taɓa gudu da 'ya'yansa cikin dare. Abin da ya rage aiki ne na hukuma, kuma ba mai tsada ba ne. Gwamnatin Kano ta ba majami'u takardar fili a unguwannin da Kirista suka riga suka zauna, bisa ƙa'idar da ake bi wa kowane gini. Gwamnatin Kaduna kuma ta ƙidaya masallatan da suka rage a kudancin kogi da majami'un da suka rage a arewacinsa, ta tsare su, ta taimaka a gyara waɗanda suka zama kango tun masu su suna da rai.